Gado, Aure da Barin Baya: Manyan Faransa da Manyan Ƙasar Hausa

1. Mafarin magana

A cikin takardun mulki da na shari'a waɗanda aka rubuta da Faransanci a ƙasar nan tun zamanin Turawa, kalmar da aka laƙaba wa dukiyar aure ita ce "dot". Tafintoci suka karɓe ta haka nan, suka riƙa mayar da ita "sadaki" in sun juyo wajen Hausa. To, amma a Faransa kanta "dot" dukiya ce wadda uban yarinya ke ba ƴarsa ta tafi da ita gidan miji, alhali kuwa sadaki daga hannun miji yake fita ya shiga hannun matar. Ke nan an sa kalma guda ta ɗauki kaya biyu, ɗaya ya nufi gabas, ɗaya ya nufi yamma. Wannan saɓani yana da tushe cikin tarihi, shi ne kuwa za mu bi diddiginsa a nan, domin amfanin masu bincike da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci.

Ƙasar Faransa kafin juyin mulkin 1789, da ƙasar Hausa ta ƙarni na 19, dukansu al'ummomi ne masu hawa-hawa, watau inda haihuwa ke yanke wa mutum matsayinsa. Can akwai masu asali, da ƴan coci, da sauran jama'a. Nan akwai masu sarauta, da talakawa, da bayi. A irin wannan al'umma babban mutum yana son abu biyu waɗanda ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Yana son ya bar baya, yana kuma son gidansa ya tsaya da ƙarfinsa bayan ransa. Abin da muke nufi da "barin baya" shi ne yawan ƴaƴan da suka rayu, suka yi aure, su ma suka haihu. In ƴaƴa suka yi yawa aka raba musu dukiya, gida ya raunana. In an tattara ta a hannun guda, sauran sun rasa abin yin aure. Kowace daga cikin ƙasashen biyu ta sami tata hanyar fita, kuma a kowace akwai waɗanda suka ɗauki asarar.

2. Hanyar manyan Faransa

Coci ta tsayar da mace ɗaya ga namiji ɗaya, ba saki, ɗan da aka haifa a waje kuma ba ya gadon ubansa. Tun daga nan an ƙayyade yawan magada. Sa'an nan al'ada ta fifita ɗan fari. Bisa ga dokar al'ada ta lardin Paris, wadda aka sake rubutawa a 1580, babban ɗa namiji shi ke ɗaukar gidan uba daga cikin ƙasar sarauta, ya ƙara da kashi biyu cikin uku in su biyu ne, ko rabi in sun fi haka. A Normandi da wasu larduna, ƴar da aka ba "dot" ɗinta ta fita ke nan daga rabon gado. Watau "dot" gadon ƴa mace ne da aka ba ta tun ubanta yana raye, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon darajar mijin da za ta samu.

Da yake aurar da ƴa guda ga gidan da ya yi daidai da nasu yana iya cinye kuɗin shigar shekaru, sai manyan gidaje suka riƙa aurar da ɗaya ko biyu, sauran a kai su gidajen zuhudu inda mata ke zaman ibada ba aure, domin abin da ake biya can bai kai na aure ba. Ƙannen magaji kuwa, wasu a sa su aikin soja, wasu limancin coci, wanda shi ma ba a aure cikinsa. Binciken da James Boone ya buga a 1986 a kan asalin manyan gidajen Fotugal, daga 1380 zuwa 1580, ya bi sawun mutum wajen 3,700, ya tarar da wannan tsari a fili: a gidajen da suka fi daraja nan ne ƴaƴa mata suka fi shiga zuhudu, ƙannen magada kuma su suka fi mutuwa a yaƙe-yaƙen nesa, kamar na Indiya.

A Faransa abin ya kai har ga rage haihuwa cikin auren kansa. Claude Lévy da Louis Henry sun nuna a 1960 cewa a gidajen masu sarautar "duc", waɗanda ke bin gidan sarki a daraja, yawan ƴaƴan da iyali ke haifa ya sauko daga wajen 6 a rabin ƙarshe na ƙarni na 17 zuwa wajen 2 a rabin ƙarshe na ƙarni na 18. An soke fifikon ɗan fari a 1790, dokar Napoleon ta 1804 kuma ta daidaita rabo tsakanin ƴaƴa, maza da mata. Amma kafin nan gidaje masu yawa sun riga sun ƙare don rashin magaji. Dukiya ta tsira, zuriya ta ƙanƙance, asarar kuwa ƴaƴan gidan ne da kansu suka ɗauke ta.

3. Hanyar manyan ƙasar Hausa: aure

Jack Goody, cikin littafinsa na 1976, ya danganta bambancin Turai da Afirka ga ƙasar noma. Inda ƙasa ta yi ƙaranci, mai ita yana tsoron yawan masu rabo. Inda daji ke da faɗi, noma kuma na hauya ne, abin da ke ƙaranci shi ne hannuwa. A ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 mai gida da ya tara mutane yana iya sare sabon daji ya faɗaɗa gandu, saboda haka ɗa ƙari ne ga arziki. Hausawa na cewa haihuwa maganin mutuwa.

Shari'a ta halatta wa namiji mata huɗu, ta kuma halatta masa bayi mata ba iyaka. Harshe ya ajiye sunayen wannan tsari: uwargida, amarya, kishiya, mowa, bora, sa'an nan ƙwarƙwara ko sa-ɗaka, wadda a Adar da Ƙonni ake kira wahaya. Kalmar "sa-ɗaka" kanta bayani ce: baiwar da aka sa a ɗaki, aka raba ta da aikin gona. Bisa ga fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalai ke karantawa cikin Risala da Muhtasar, ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangijinta ɗa ne kamar kowane, rabonsa na gado daidai da na ɗan matar aure. Ita kuma ba a sayar da ita bayan ta haihu, tana samun ƴanci ran da ya mutu, ko da yake ba ta gadonsa. A nan ne hanyoyin biyu suka fi rabuwa. Babban mutum na Faransa yana iya haifar ƴaƴa a waje, amma doka ba ta lissafa su; babban mutum na ƙasar Hausa duk abin da ya haifa a cikin gidansa magaji ne. Masu tarihin Sakkwato sun ƙidaya wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ƴaƴa fiye da 30, ɗansa Muhammadu Bello kuma fiye da 70.

Dukiyar aure ita ma iri-iri ce, kowace da sunanta. Akwai kuɗin aure da toshi waɗanda ke zuwa ga dangin yarinya, akwai lefe, akwai sadaki wanda hakkinta ne ita kaɗai, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari. Daga wajen danginta kuma akwai gara da kayan ɗaki. In akwai abin da ya yi kama da "dot" na Faransa, to kayan ɗaki ne, amma da bambanci babba: kayan ɗaki ba su fitar da ƴa daga gadon ubanta. Har ila yau aure hanya ce ta ƙulla zumunci tsakanin hawa da hawa. Auren zumunta yana tsare dukiya cikin dangi. Auren sadaka yana kai ƴar attajiri ko ta basarake gidan malami. Talaka kuwa yana murna in ƴarsa ta shiga gidan sarauta. Galibi mace sama take hawa. Masu sana'o'in da ake rainawa a wancan zamani, kamar mahauta da maroƙa, sun fi yin aure tsakaninsu.

4. Abin da ake rabawa da abin da ba a rabawa

Kalmar "gado" ta fi "héritage" ta Faransanci faɗi. Ana gadon dukiya, ana gadon sarauta, ana gadon sana'a, har hali ana gadonsa. Daga tushenta aka sami magaji, magajiya, magada, inda harafin d ke komawa j a gaban wasalin i. Wajen Anna na kwarin Maraɗi, kamar yadda Guy Nicolas ya bayyana, gado ya haɗa sana'ar dangi da iskokinsu da gonarsu a dunƙule, babban gida ke riƙe da shi, mata kuma ba su gadon gona, sai dai a yanka musu gamana, wadda Kanawa ke kira gayauna. Musulunci ya zo da rabo ƙayyadadde, wanda ke cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176: namiji rabon mata biyu, matan aure su raba tumuni in akwai ƴaƴa, rubu'i in babu, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi. Ba a san fifikon ɗan fari a nan ba. Attajirin da ya bar ƴaƴa 20, dukiyarsa takan watse cikin zuriya ɗaya, shi ya sa gidajen fatake kaɗan ne suka daɗe da ƙarfinsu.

Sarauta kuwa ba ta rabuwa, kuma ita ce tushen arzikin masu mulki, domin haraji da ganima da gandayen sarauta na kujera ne, ba su shiga rabon alƙali. Amma ba a ce lalle sai ɗan fari ba. Duk ɗan sarki yana da ido a kai, masu zaɓe su ke tsayar da guda, kamar Galadima da Ƙaura da Ƴandaka da Durɓi a Maraɗi. Yawan ƴaƴa sai ya zama yawan masu nema. A Damagaram, Ibrahim da ƙanensa Tanimun sun yi ta karɓe sarauta daga hannun juna tun 1841, har ta tabbata ga Tanimun daga 1851 zuwa 1884. A Kano abin ya fi muni. Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya bar ƴaƴa maza masu yawa riƙe da sarautu. Ƙanensa Muhammadu Bello da ya gaje shi ya riƙa tuɓe su don share wa ɗansa Tukur hanya. Da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur a 1893, ƴaƴan Abdullahi suka fice daga birni ƙarƙashin Yusufu, aka shiga yaƙin basasa. Aliyu Babba ya ci Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895.

Harshe ya riga tarihi faɗin wannan. "Ɗan'uwa", watau ɗan uwarka, shi ne ya zama sunan zumu da masoyi gaba ɗaya. "Ɗan'uba", watau wanda kuka haɗa uba kuka raba ɗaki, ya zama sunan abokin hamayya, har aka sami kalmar "ƴan'ubanci". Faransanci ba shi da irin wannan rabuwa cikin maganar yau da kullum, domin gidan da ya haife ta babu shi can. Haka kuma za a gane dalilin da ya sa sarakuna suka dogara ga bayin sarki, musamman babanni: wanda ba zai bar baya ba, ba zai kafa gidan da zai yi takara da na sarki ba. Turawan Faransa ma sun bi wannan hanya a 1906, sa'ad da suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa suka danƙa riƙon ƙasa ga Ballama, ɗaya daga cikin babannin fada.

5. Waɗanda suka ɗauki asarar

Maza da mata kusan daidai ake haihuwarsu. In mutum guda ya tara mata goma, to akwai wasu da suka rasa, ko suka jima ba su samu ba. Giɓin ta hanya biyu aka cike shi: aurar da ƴan mata da wuri alhali samari na jira, da kuma kamo mata a yaƙi da hari. Bawa namiji shi ne a ƙarshen layi. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya yi mamakin ƙarancin bayin da aka haifa a gida, ya kuma ɗauka cewa iyayengiji ba su cika ƙarfafa auren bayi ba. Ko bawa ya yi aure, ƴaƴansa na ubangijin uwarsu ne, su ne cucanawa, ko dimajai a faɗar Zazzagawa. In ya mutu kuma abin da ya tara na ubangijinsa ne. Kuyangar da aka sa ɗaka ta haifa wa wani gida sarakuna, garin da aka kamo ta daga cikinsa kuwa ya rasa ta, ya rasa zuriyarta.

Tsakanin talakawa ma bambancin bai ɓace ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina ta buga shi a 1972, ta raba manoman garin hawa huɗu bisa ga ƙarfinsu, ta tarar masu mata fiye da ɗaya sun fi yawa a hawan sama, gandunsu kuma ya fi tsayawa, alhali ƴaƴan matalauta sukan watse neman abin kansu. Su ma ƴaƴan sarauta ba duka suka tsira ba. Wanda ubansa bai hau ba, nemansa ya yi rauni, jikansa kuma sau da yawa manomi ne mai sunan asali kawai. Ta haka jinin manya ya riƙa gangarowa cikin talakawa zuriya bayan zuriya.

Ga mace kuwa lissafin dabam ne. Yawan haihuwarta bai dogara ga dukiya kamar na namiji ba, tun da ciki da goyo da yaye na wajen shekara biyu sun ƙayyade shi. Abin da gidan mai hali ke ƙara mata shi ne hatsi a rumbu lokacin yunwa, watau rayuwar ƴaƴan da ta haifa. Kuma saɓanin ƴar manyan Faransa, kusan babu ɗiyar da ke ƙare rayuwarta ba ta taɓa aure ba. In aure ya mutu ta yi zawarci ta sake wani, ƴaƴa su zauna gidan uba.

6. Daga zamanin Turawa zuwa yau

Dokar 12 ga Disamba 1905 ta hana cinikin mutane a Afirka ta Yamma ta Faransa, amma ta daɗe ba ta shiga cikin gidaje ba. Dokar Mandel ta 1939 ta sa shekara 14 ga yarinya da 16 ga yaro, ta kuma shardanta yardarsu. Dokar Jacquinot ta 1951 ta nemi rage nauyin abin da ta kira "dot", ba tare da ta rarrabe sadaki, wanda hakkin mace ne, da kuɗin da danginta ke karɓa ba. Bayan samun mulkin kai, dokar 16 ga Maris 1962 ta bar aure da saki da gado a hannun al'adar masu shari'a, dokokin tsarin shari'a da suka biyo ta kuma suka riƙe wannan ƙa'ida. Bauta ta zama laifi mai hukunci a dokar Nijar a 2003. A 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da ta zauna a Yamai, ta ba Hadijatu Mani gaskiya, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan jika 240 aka mai da ita wahaya a yankin Ƙonni. Kotun ta umurci gwamnati ta biya ta miliyan 10 na sefa.

Babban abin da ya sauya shi ne ƙasar noma. Ƙidayar 2012 ta nuna macen Nijar tana haihuwar fiye da ƴaƴa 7, binciken 2021 kuma wajen 6, alhali a kudancin Maraɗi dajin sara ya ƙare. Gandu yana rabuwa, gamanar mata tana ƙanƙancewa, mata kuma suna ƙara zuwa gaban alƙali neman rabonsu na gona bisa ga shari'ar Musulunci. Ƙarancin ƙasa da ya matsa wa manyan Faransa ya iso ƙofar manomin Hausa, amma da dokar gado da al'adar aure waɗanda aka gina a zamanin yalwar daji.

7. Abin da ya shafi aikinmu

Littattafan karatun manya da ke bayanin doka da zaman iyali daga Faransanci ake juyo yawancinsu, mai karanta su kuma yana iya dogara da su ran rabon gado. Don haka muna ba da shawara kamar haka. Na farko, kada a juya "dot" da kalma guda: a duba ko sadaki ake nufi, ko kuɗin aure, ko lefe, in kuwa maganar Turai ce, a bayyana ta da cewa dukiyar da amarya ke kaiwa gidan miji. Na biyu, "concubine" a Faransancin yau mace ce mai zaman dadiro, ba sa-ɗaka ba ce. Haɗa su yana ɓata tarihi, yana kuma sa a ɗauki wahaya kamar wani irin aure, alhali doka ta lissafa ta cikin bauta. Na uku, "frère" ba ta isa ba a babin gado, tun da rabon shaƙiƙi da na li'abi da na li'ummi ba ɗaya ba ne. A yi amfani da kalmomin da malamai suka riga suka saba da su, a bi su da bayani. Na huɗu, a rarrabe gadon dukiya da gadon sarauta da gadon sana'a duk inda Faransanci ya ce "succession". Na biyar, rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali, ga shi kuwa gado na kwanciya gajeren wasali gare shi a gaɓar farko, na magada kuma dogo. "Gadon sarauta" yana iya zama kowanne, saboda haka a littafin masu koyo ya kamata jimla ta fayyace wanda ake nufi.

Saura aikin tattarawa. Kalmomin bauta da na gandu suna fita daga bakin matasa, kuma sun bambanta daga Adar zuwa Gobir, daga Arewa zuwa Damagaram. Ya kamata a bi tsofaffi, maza da mata, a rubuta kowace kalma tare da garin da aka ji ta da jimlar da ta zo a ciki, kafin a tsayar da ita cikin ƙamus.